Wasiƙun da Suka Jira Ista

Wara, Ngaski

Zuwa ga ɗiyata Rachel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da sistocin da ke horar da ke. Innarki na gaishe ki.

Wanki Elijah ba lafiya. Ƙurar farin dutsen da muke niƙawa don zinariya ta cika masa ƙirji. Likita a Yelwa ya ce ba maganin da zai wanke ta. In tari ya taso masa sai ya dafa bango. Ke yake ta tambaya. Ki nemi izini ki zo. Na san ba a bar muku waya ba, ni kuwa ba zan kira shugabarku ba. Da guduma ɗaya na fara, yau dubi injinana. Ban taɓa roƙon kowa ba, ba zan fara da roƙon a ba ni aron ɗiyata ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki,
Dogo Mai Inji

Rachel,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, tunda ke ba ki tambayi tamu ba.

Kullum sai na aika tasha ko direba ya kawo amsa. Shiru. Elijah ya daina kwanciya, a zaune yake barci. Jiya ya sa aka fitar da shi bakin ruwa yana duban kwale-kwale, wai ko kina ciki.

Wani injiniya da ya zo duba ramukanmu ya ji inda kike, ya ce a Turanci sunan horon naku ɗaya ne da na shimfiɗar dutsen da muke haƙa: abu ne da ake dannewa a hankali har ya taurare. To, na ga aikinsu ya yi kyau. In ba ki zo ba, kada ki sake kirana baba.

Dogo

Ɗiyata Rachel,

Ina gaishe ki. Allah ya sa wannan ta iske ki da ƙarfin zuciya. Fada, limamin cocinmu, zai ba ki ita hannu da hannu.

Mun binne Elijah ranar Talata, bayan gonar gero. A bakin kabari na yi ƙorafinki gaban jama'a. Fada ya ja ni gefe, ya ce a gidan sistocinku duk wasiƙar da ta zo cikin azumin da ke gaban Ista ajiye ta ake yi a rufe, sai ranar Ista a raba. Ya ce da na buga wa shugabarku waya, a ranar za ta sa ki mota. Lambarta na cikin wayata tun ranar da kika tafi.

Ranar Ista za a ba ki wasiƙuna biyu na baya. Ta biyun kada ki buɗe, ki ƙona ta. Wannan roƙo ne.

Innarki ta ce kada in faɗa miki sauran, amma gara ki ji daga bakina. Da numfashi ya fara yanke masa, ya tambaya ko saƙo ya kai gare ki. Na ce masa kin karanta, kin ƙi zuwa. Bai sake tambaya ba.

Ki yi mana addu'a.
Babanki,
Dogo