Wayar da Ka Yi wa Inna

Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara?

Raina a ɓace yake, Yaya. Bayan gashin ciwon daji da aka yi wa Inna da na'ura a asibiti, likita ya ga sauran ciwon dajin a bayan hancinta. Ya ce za su zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci su cire, ba tsaga fuska. Har ta yarda, sai ka kira ka tsorata ta. Yanzu mun dawo Karu, abin da take cewa kawai, "Sani ya hana."

Ni nake goge mata jini kullum, kai kana nesa. Ka kira ta kafin Litinin, ranar da za mu koma asibiti, ka janye maganarka.

A gaida kowa, a sa ta a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza