Motar Baba ta koma shan gas

Laraba da dare, Manawashi

Yau na karɓo jif ɗin marigayi Baba daga garejin Oga Chidi. Ya yanke bayanta ta zama a-kori-kura, ya sa mata injin dizal mai jure lakar hanyar gona. Har wasu masu son shiga daji suka taya, na ce ba ta sayarwa ba ce.

Fargabata Inna ce. Tun da na ce gas motar za ta riƙa sha, ta daina kula ni. Na ɗauka yanka motar mijinta ne ya ɓata mata rai.

Ina isowa ta fito, ta leƙa ƙarƙashin kujera.

"Ina tukunyar gas ɗin? Kar ta fashe da kai a hanya."

Ashe gas na girki ta zata, ba dizal ba. Na buɗe tanki ta shinshina, ta yi dariya har da hawaye. Sai ta dafa ƙofar direba.

"Gobe ka kai ni gona," in ji ta. "Rabona da ita tun yana raye."

Bari in kwanta, da asuba zan wanke kujerar gaba.