Farar Ƙurar Rigar Goulven

Toulon, ranar Lahadi

'Yata Soazig,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Yaya iskar tsibiri? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi.

Yayanki Goulven da sauƙi, kada ki damu. Jiya a asibiti har tsokanata ya yi: "Inna, ɗanki ya zama tsohon jirgi, tururi sai yoyo." Bai ƙarasa dariyar ba tari ya ƙwace ta.

Likita ya ce asbesto ne ya kwanta masa a huhu, farin abin nan da yake ɓamɓarewa daga bututun tururi in zai gyara bawul, wato makunnin tururin, a jirgin ruwan soja. Ofishin tsofaffin sojoji sun yarda da kuɗin nakasarsa nan take. Saurin nasu ne bai yi mini daɗi ba.

Sai likitan ya tambayi mai wanke masa kayan aiki in ya zo hutu. Na ce ni ce. Ya ce ƙurar takan shiga huhun mai wanki ma. Ban faɗa masa ke ce mai riƙe mini hannun rigar kina ƙarama ba, muna kakkaɓewa a bakin ƙofa, kina tsalle wai dusar ƙanƙara na sauka.

Soazig, ki hau jirgin ruwan Talata zuwa garin Brest a ɗauki hoton ƙirjinki. Kada ki ce sai an gama tonon dankali. Tarin nan da na ji kina yi a waya, yanzu na san muryarsa.

Allah ya tsare mini ke.

Innarki,
Marivon