Ina Takaba a Kan Hanyar Ruwa

Wayyo Malam, ka tafi ka bar ni cikin gwangwani, ga uwarka ga 'ya'yanka, ga iska tana neman ɗage mana rufi. Da kana nan ai kalma ɗaya za ka faɗa wa Inna a wuce wurin.

Yi haƙuri Gwaggo Sa'adatu, ke na zauna zan rubuta wa, baki ya tafi wurinsa. Haka nake tun da ya rasu, ina cikin tankaɗe sai in ji ina yi masa magana. Assalamu alaikum. Don Allah don Annabi ki taimake ni, kada ki ajiye takardar nan sai wani mako. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi, na allo ne, kuma ban yi nisa ba. A gidan maƙwabciyata ake karanta mana filinki na ba da shawara in direbobin Jidda sun kawo jarida, lokacin ina fita ke nan. Yanzu ba na fita, takaba nake, ko rabi ban kai ba.

Muna Hindawiyya ne a nan Makka, can ƙasa inda unguwa ta ƙare. Malam saƙƙa ne, wato mai ruwa, yana ɗebowa a bazan, famfon unguwa, ya kai gidajen Larabawa, gwangwani biyu a sanda. Bayan hajji zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba. Ya bar ni da yarinya, ta fari ce ba na kama sunanta, da Lurwanu yana nono, da kuma mahaifiyarsa Inna Hajara, ido ya tafi, gwiwa ta tafi, baki ne kawai bai tafi ba.

Ɗakinmu sandaƙa ce, kin san ta, gwangwanayen kananzir da ake farkewa a daddake a kafe a jikin itace, a ɗora duwatsu a kai don iska. Shi ya yi ta da hannunsa. Wurin ma shi ya zaɓa, wai yashi ne mai laushi sumul kamar bakin kogin garinsu, ba dutse, ba wahalar haƙa. Wani tsoho Balarabe mai kiwon awaki ya tsaya ya ce masa nan fa hanyar sailu ce, ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu. Malam ya yi dariya, ya ce a ƙasarmu da ake ruwa na gaske ma ai sai ka ga hadari ya haɗu daga gabas, ka kwashe shanya, ka kora kaji, sannan a fara, balle nan da shekara ke wucewa ba a yi yayyafin kirki ba.

To Gwaggo, na ga ƙaramar sailu da idona, shekarar da na yaye yarinyar. Rana tsaka, sama wasai, ina shanya gyaɗa, sai muka ji kamar motocin lori sun taho a jere. Ruwa ne kalar kunu, da itace da mushen akuya a ciki. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba wallahi, can wajen duwatsun Mina aka yi shi, mu dai kawo mana aka yi. Ya zo mini gwiwa a tsakar ɗaki, ya tafi da randa da kajina. Wai wannan wasa ce. Akwai wani dutse bayan ɗakinmu da ke da zane baƙi sama da tsawon namiji, tsofaffin unguwa sun ce nan babbar ta kai a zamaninsu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙanena Mukhtaru direba ne tsakanin nan da Jidda. Ya zo ya ce masunta duk sun ja jiragensu tudu sun ɗaure, jirgin Sudan ma ya kasa shigowa, tsofaffin matuƙa suna cewa guguwa ce babba ta taso daga teku, iska da ruwa tare, kuma nan ta nufo. Ni ban san teku ba sai ranar da muka ƙetaro ina yarinya ina ta amai, amma iskar nan da suke ce wa aziyab na san ta, mai zafi mai danƙo, jiki duk ya yi laƙwas, ita ke kaɗawa ba ta tsaya ba. Sama wajen duwatsu ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Umda, mai unguwarmu, ya sa an yi shela na ƙasa su hau tudu. Ta hudar gwangwani nake leƙen maƙwabta suna ɗora kaya a jakuna. Ko wadda ake mana karatu a gidanta ta tafi. Mukhtaru yana da ɗaki na dutse a saman jabal, can kan tudu, matarsa ta share mana gefe.

Inna ta ce ba inda za ni. Wai mai takaba ba ta kwana ko'ina sai ɗakin da mutuwar miji ta same ta. Wai in na kwana a waje takaba ta karye sai in sake daga farko, kuma shi Malam zai ji a kabarinsa, ƙasa za ta matse shi. Wannan maganar ce ta kashe mini jiki Gwaggo. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, kafaɗarsa duk kanta saboda mu, ni ce zan sa a matse shi? Ta ce ita a Sudan ta yi tata takabar, cikin bukka da damina, ruwa na zuba a kanta ba ta gusa ba. Kuma wai ita da ƙafa ta taho Makka tun daga ƙasar Haɗeja don ta mutu a nan, to ruwan da ya sauka a ƙasar Harami in ya ɗauke ta ai gata ne. Likkafaninta da ta wanke da zamzam ta fito da shi ta yi matashi.

Mukhtaru kuma ba shi da baki, ya ɓata abin. Yana tsaye a ƙofa yana yalla yalla wai mu yi sauri, sai ya ce in ta ƙi zai saɓe ta kamar buhun gawayi. Ta jefe shi da buta, duk da ba ta gani ta same shi. Tun daga nan ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofa, in zan fita sai na tsallake ta, kuma ni ban taɓa tsallake babba ba.

Kada ki ɗauka muguwa ce. Ita ta karɓi haihuwata duka biyu, ita ta yi mini wankan jego tana siyen itace da kuɗin goronta, a garin da itace ya fi nama tsada. Uwata ta rasu a hanya, ban san wata uwa ba sai ita. Da dare ya yi ina jin ta tana shafa gwangwanin bango tana kiran sunansa na yarinta.

Na ce to yaran su bi kawunsu. Lurwanu nono yake sha, wa zai ba shi? Yarinyar kuwa tun rasuwar uban ba ta sakin zanena, da Mukhtaru ya kama hannunta ta yi ta kuka har ta yi amai. Ni ma da na ga haka ban iya ba.

Abin da na iya na yi. Na cika randa, na ɗora gero da gyaɗa a kan gado, na cusa yashi a buhu na tare ƙofa, na ɗaure rufin da igiyar guga ta ciki. Amma duwatsun kan rufi in iska ta buso sai ki ji suna gungurawa, ɗaya ma ya faɗo kusa da murhu inda yarinyar ke zama. Ban faɗa wa Inna ba, na ce tukunya ce.

Ga bakin mata kuma, kin san mu, a ce wance ko takaba ba ta iya zama ba. Ga ɓarayin gwangwani, in muka bar ɗaki mu dawo mu tarar da fili. Amma duk wannan da sauƙi. Ni dai ki faɗa mini tsakani da Allah, in na fita na yi zunubi? Malam zai wahala saboda ni? In kuma na zauna ruwa ya ci 'ya'yansa, me zan ce masa ranar da muka haɗu? In sallah nake ma sai in rasa raka'a ta nawa nake, kunne yana waje yana jiran ƙarar ruwan nan mai kamar lori. In kin ce in zauna zan zauna, in kin ce

Ana buga ƙofa. Ba iska ba ce, hannu ne, ga Inna tana tambaya wane ne, bari in

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri.

Takardarki ta iso ba ƙarshe ba sa hannu, wani direba ya miƙo ta a ninke. Na ba shi amsa ya juya da ita nan take, na kuma sa a buga saboda na san ba ke kaɗai ce a ƙasan kwari ba.

Ki tashi. Yau, da rana, kafin ɗigon farko.

Inna tana da gaskiya a rabin maganarta. Mai takaba a ɗakin mijinta take zama, ba ta kwana a waje don biki ko ziyara ko don zaman ya ishe ta. Amma ban tsaya a kan sanina ba, na aika an tambayi malamai biyu, bakinsu ɗaya. Idan mace ta ji tsoron rushewar ɗaki, ko ruwa, ko wani abin da zai taɓa ranta, ta koma inda za ta tsira ta ci gaba da takabarta a can. Ba ta karye ba, ba a sakewa daga farko. Maganar matsewar kabari kuwa ba ta da tushe, zancen mata ne da muka gada. Malam yana tare da aikinsa, kuma mai shayar da mutane ruwa a garin nan muna yi masa kyakkyawan zato. Gidan ƙanenki gidan muharraminki ne. Ki shiga da zanen takabarki, ki zauna a gefen da aka share miki, ba kwalli ba lalle, kamar yadda kike yanzu.

Inna kuwa ki daina gardama da ita, Mukhtaru ma ya kama bakinsa, ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Tsohuwar da ta binne ɗanta, bangon da ya kafa da hannunsa ne ya rage mata, shi take tsaro. Ba daga bakin suruka ko yaro za ta karɓi hukunci ba. A kira limamin unguwarku ya zauna kusa da ita ya faɗa mata abin da na faɗa miki, ya ƙara da cewa son mutuwa a Makka alheri ne, amma zama a gaban ruwa da jikoki biyu ba ya cikinsa. A zo da shibriyya, gadon nan da ake ɗaukar tsofaffi a yi musu ɗawafi, maza su ɗauke ta da mutunci, likkafaninta a cinyarta. Dutsen da ya faɗo kuma ki gaya mata gaskiya. Ba ta gani, ke ce idonta, kuma tana yanke shawara ne a kan abin da kika ɓoye mata. Idan duk da haka ta ƙi, ki roƙi gafararta ki wuce da yaranki, maza su tsaya a kanta har a hau da ita. Fushinta zai huce.

Kaya kaɗan: gero, gyaɗa, ruwan sha a gwangwani mai murfi, fitila, ashana a naɗe cikin leda ko fata, bargon yara. Buhun yashi ba ya tare sailu, igiyar guga ba ta riƙe rufi. Kada ki jira ki ga ruwa a samanki, kin riga kin san ba ya sallama. Ku bi hanyar tudu ko ta fi nisa, kada ku ratsa kwari. Ruwa mai gudu ko iya idon sawu ne ba a shiga da goyo. In iska ta same ku a hanya ku nisanci sandaƙoƙi, gwangwanin da ya tashi wuƙa ne. A can sama ku zauna nesa da taga, kuma in ta lafa kada a yi saurin saukowa, takan dawo. Bayan ta wuce a tafasa ruwan sha, a kaɗe tabarmi saboda kunama. Kowa ya manta wani abu a ƙasa, ya bar shi.

Masu magana za su yi, yawancinsu kuma daga kan tudu za su yi ta. Gwangwani in an sace a tara wani, jama'a ba za su bar marayu a fili ba, kuma wannan karon a kafa a kan dutse.

Allah ya kai ku sama lafiya ke da Inna da yara, ya sa guguwar ta zo da sauƙi, ya fitar da ke takaba cikin aminci. In kin zauna kin huta, ki ƙarasa mini takardar nan daga inda kika tsaya. Ina jira.

Gwaggonki,
Sa'adatu