Kwana Biyar da Baba a Tsibirin Pardy

Garin Burin, 22 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Corinne da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a wurin aiki. Mu ma nan ƙalau muke. Maigidana Wilfred yana teku tun makon jiya, kamun ƙaguwa ya yi kyau bana. Gwaggo Philomena ta samu sauƙin gwiwarta, har ta koma zuwa coci a ƙafa, tana yi wa kowa faɗa a hanya kamar yadda ta saba.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin maganarmu ta ƙarshe a waya ba ta ƙare da daɗi ba. Kai ka ce a nema wa Baba ɗaki a gidan kula da tsofaffi tun da ya faɗo daga matakala, ni kuma na faɗa maka maganganun da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Ka yafe mini. Gaskiyarka ce, yanar idonsa ta yi yawa, kuma ya ƙi yarda a cire. Mun san dalili. Tun da Mama ta shiga asibiti da ƙafarta ba ta fito ba, ko ƙofar wurin ba ya son a ambata.

Farkon watan nan na ɗauki hutu na kai shi tsibirin Pardy, inda a da shi da Mama suke zuwa kallon tsuntsaye duk Yuli. Shekara uku rabonsa da can. Da farko ya ce ba ya zuwa, wai me zai je yi. Da safe kuwa na same shi zaune a bakin ƙofa da jakarsa, ya rataya madubin hangen nesan Mama a wuya, yana yi mini tsiya wai na makara.

Awa uku muka yi a jirgin ruwa. Mun sauka gidan Loretta, wadda ke karɓar baƙi. Ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba. Tana ganin Baba ta ce, "Ambrose, ashe kana raye? Na ɗauka ka bi matarka Bernadette ba ka yi mini sallama ba." Ya ce mata shi ba zai mutu ba sai ya ga ranar da ta koyi dafa shayi. Yaya, rabon da in ji dariyar Baba irin ta ranar har na manta.

Kwana biyun farko hazo ya rufe tsibirin, ko ƙafarka ba ka gani sosai. Akwai wasu baƙi huɗu daga Toronto da kyamarori masu tsada, duk ransu ya ɓaci. Baba ya ce su biyo shi. Na riƙe masa hannu muka hau har bakin dutse, ya zauna a kan ciyawa ya ce kowa ya yi shiru. Sai ya shiga faɗa musu sunan kowane tsuntsu daga kukansa kawai. Ya ce su kwantar da kunne a ƙasa, suka ji wani tsuntsu da ake kira akun teku yana gurnani a cikin raminsa kamar ƙaramin inji. Ɗaya daga cikinsu, wata likitar haƙori, ta tambaye shi a wace jami'a ya koyar. Ya ce mata a jami'ar ƙwale-ƙwale, shekara arba'in da ɗaya. Da yamma suna ta rububin zama kusa da shi a wurin cin miyar kifi. Ba wanda ya gane ba ya gani, domin a cikin hazon nan duk ɗaya muke.

Rana ta uku gari ya waye tas. Muka koma bakin dutsen, ga akun teku dubbai, suna tashi suna sauka. Baƙin suna ta nuna wa Baba wannan da wancan, shi kuma ya ɗora madubin a ido yana gyaɗa kai yana cewa lallai kam. Na lura inda ya saita madubin babu komai sai ruwa. Can sai wani aku ya sauka dab da takalminsa, bakinsa cike da ƙananan kifaye, launin ja da ruwan ɗorawa na bakin suna ƙyalli a rana. Kowa ya tsaya cak. Baba ya sunkuya ya dubi wurin, ya tambaye ni a hankali ko wani ne ya yar da safar hannu.

Duk sun ji. Na faɗa masa abin da yake, ya ce in kwatanta masa. Na kwatanta, har da yawan kifayen, guda bakwai. Can tsuntsun ya shige raminsa. Sannan Baba ya cire madubin daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce mu koma gida, iska ta yi masa yawa.

Bai ci abincin rana ba. Loretta ta kai masa shayi bayan gida inda yake zaune, ni kuma ina wanke kwanuka, taga a buɗe. Na ji tana ce masa ita ma an cire mata tata yanar bara, kafin shayi ya huce an gama, abin da kawai ya ɓata mata rai shi ne ta ga ashe gidanta ya yi datti haka. Ta ce masa, "Kai da ka yi faɗa da guguwa a teku, yanzu ɗan likitan da bai kai ɗanka shekaru ba kake tsoro?" Baba ya ce ba likitan yake tsoro ba, ƙofar yake tsoro. Ta ce to ai ba shi kaɗai zai shiga ba, yana da 'ya'ya biyu.

Ranar da za mu taho, muna cikin jirgi, ya ce mini in kira asibiti idan mun isa. Ban tambaye shi komai ba, don kada ya canja ra'ayi. Na kira, sun ba mu ranar sha shida ga Satumba don idon dama, na hagu kuma bayan mako shida. Likita ya ce yana sa ran zai gani sosai, wataƙila ma ya koma tuƙi.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Ka dakata da maganar gidan tsofaffi har mu ga yadda aikin zai kasance. Sannan ka zo. Na san Edmonton ba nan kusa ba ce, kuma samun hutu a wurinku da wuya, amma ina so ranar nan mu sa shi a tsakiya, ni a hagu kai a dama. Bai ce in kira ka ba, ka san halinsa. Sai dai jiya ya sa na gyara tsohon ɗakinka, wai ƙura ta yi yawa.

Ka gaishe mini da Corinne, da yara, Declan da Maeve. Gwaggo Philomena tana gaishe ku, haka ma Wilfred ya bar sallahu kafin ya tafi. Baba ma yana gaisuwa. Ya ce in faɗa maka, idan an buɗe masa ido, abin da yake so ya fara gani shi ne sanƙon da ake ta ba shi labari ka yi, domin shi bai yarda ba sai ya gani da kansa.

Taka ƙanwa har kullum,
Noreen