Takalmin Tafiyar Iya

Litinin, 3 ga Afrilu

Na dasa wiwin Iya, irin wanda ake yin zare da bawonsa, daga tire zuwa tukwane tara. Abin kunya, shukar da kakanninmu ke watsawa a gona sai ga ta a tukunya kamar furen 'yan birnin Wenshan. To, titi ya cinye gonar. Rigar da za a binne Iya surukata da ita tana cikin akwati tun shekaru ashirin da suka wuce, takalmi ne kawai babu. Na zaren wiwi take so, ba na kasuwa ba, domin da shi mamaci ke tsallake dutsen tsutsotsi kafin ya isa wurin kakanni. Ni dai ban yarda da wani dutse ba. Amma iri ne na ƙarshe, kuma tarinta ƙaruwa yake.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Ganyen ƙasa sun yi ruwan ɗorawa, sun langaɓe. Wahalar dashe ce, ko na cika ruwa. Na daina ba su.

Asabar, 8 ga Afrilu

Bakin ganye ya ƙone a tukwane uku. Zoua maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Sua, kashin kaji kika zuba musu ko barkono? Ke ko albasa kika shuka sai ta yi ƙararki!" Ta yi gaskiya, takin ya yi yawa. Na canja ƙasar sama, na ja su inuwa. Wannan na gane shi.

Talata, 11 ga Afrilu

Ramuka. Wannan kam ban gane ba. An ci tsakiyar ganye, an bar jijiyoyi, ga baƙin kashi ƙanana a kan ƙasar tukunya. Aikin tsutsa ne, amma na juya kowane ganye ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda. Na tona ƙasa, babu.

Iya tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar masara. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Sun sauko ganin takalmin ne, 'yar nan."

Haushi ya kama ni, na ce asu ne ke yin ƙwai. Ta ce to.

Laraba, 12 ga Afrilu

Mijina Chue ya kira daga masana'anta, wai in sayo takalmin roba in huta. Uwarsa ce fa.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Yau na fito da sassafe fiye da kullum, sai na tarar da Iya durƙushe a gaban tukwane, ba sanda, tana tsince tsutsotsin da tsinken cin abinci tana sakawa a kwalba. Masu gashi, kore da baƙi. Ashe kullum tana riga ni. Na ce ta ba kaji mana.

"Ba a kashe su. Duk wadda na tsare a nan, ba zan tarar da ita a hanya ba."

Kwalbar tana ƙarƙashin gadonta. Na ƙirga ashirin da uku. Ba sa motsi, kuma dukkansu kawunansu na fuskantar matashinta. Na juya kwalbar na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo sun sake juyowa. Haske ne suke bi, ina jin. Sai dai tagar tana ɗaya gefen.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Iya ba ta iya tashi. Tukwane biyu sun mutu. Sauran bakwai ba su kai gwiwata ba, kuma sai sun yi wata uku kafin a sare su, a ɓare bawon, a murza zare. Tsoro nake ji, ban san ko na me ba.

Ta ce, "Zan jira. Ke dai kar ki bari su cinye."

Talata, 25 ga Afrilu

Sabon toho ya fito lafiya, ba rami ko ɗaya. Na tsince shida da safe. Kaji sun biyo ni har bakin ƙofa, na kore su. Kwalbar ta cika, na wanke ta biyu.

Na auna ƙafar Iya da kara tana barci, na karya daidai tsawonta. Zan bar tukunya biyu su yi iri, ba zan sare su ba. Na auna tawa ƙafar ma, tunda karan yana hannuna.