Ni na ba jikana ruwa, amma surukar 'yata ake zargi

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni uwa ce a Tudun Wada, 'ya'yana shida, dukansu da ruwan randa na raine su. 'Yata ta fari tana aure a Hanwa, gida ɗaya da uwar mijinta, Hajiya. Tun tana zuwa awon ciki ta dawo mana da sabon karatu, wai nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa ba a ba jariri, wai nonon kansa yawancinsa ruwa ne. Na ce to, a raina kuwa na ce 'yan asibitin nan akwai abin da ba su faɗa mana. Yaro a zafin bazarar Zariya ba ruwa? Kaza ma ana ajiye mata a kasko.

Da ta haihu ta koma aiki a Kongo, nan cikin Zariya, kullum da safe sai ta kawo mini maigidan nawa da nonon da ta tatsa, ta ce, "Mama, don Allah ban da ruwa." In ce, "Ni za ki koya wa raino?" Tana fita, in na ga yana lasar leɓe sai tausayi ya kama ni, in ɗebo a randa in ba shi cokali biyu. Biyu ya zama biyar. Yana wata huɗu gudawa ta kama shi, idanunsa suka faɗa, sai da aka kwantar da shi kwana uku da ƙarin ruwa. Nas ta tambaya, "An taɓa ba shi ruwa?" Ina tsaye a wurin, na ce ni dai ban gani ba.

'Yata ko kallona ba ta yi ba. Ta tuna tun ranar suna Hajiya ta ce ita ba ta yarda da hana yaro ruwa ba, kuma da yamma a ɗakinta yaron yake zama. Ta je ta tambaye ta a gaban mijin. Hajiya ta yi kuka, ta ce ta faɗa da baki amma ba ta taɓa ba shi ba. Mijin ya ce an ci mutuncin uwarsa, yau sati biyu ba ya cin abincin 'yata. Ni kuwa da aka kawo mini ƙara, na ce, "Ai tsofaffin nan sai a hankali." Ni fa!

Yaron ya warke, na kuma daina, amma yanzu kowa tsoronsa nake ji. Maƙwabciyata ta ce, "Maman yara, randarki akwai sanyi," na kwana biyu ina juya maganar. Ta gan ni ne? 'Yata ta zo ta tsaya tana duban cokulana a kwando, ta ce wai kyansu take gani. Kyan me, cokalin shekara goma? Ta sani ne take jira in faɗa da bakina?

Jiya 'yata ta kira ni. Hajiya ta ce ranar Juma'a a tara dangi, za ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani, kuma duk mai ɗaukar yaron nan ya dafa. 'Yata ta ce, "Mama, ke za ki fara dafawa, in ga bakin da zai sake cewa watakila a gidanmu ne."

Yau Laraba. In na faɗa, da wane ido 'yata za ta dubi gidan mijinta? In na dafa, ina zan sa kaina a gaban Allah? Jama'a, me zan yi?